Motar da ke tada saniya

Motar kawuna bashe ce, irin mai buɗaɗɗen bayan nan, fara, ya saye ta gwanjo hannun wani proje na Turawa masu aikin agaji da ya tattara ya tafi. Komi nata lafiya lau, abu guda ne: kana sa ta baya sai ta kama kuka. Tiit, tiit, tiit. Masu ita na farko sun ɗaura mata wata 'yar ƙararrawa a ƙarƙashi, kusa da tayar baya, wai don kar a take mutum. Yanzu irinsu sun cika gari, amma lokacin a Maradi abin dariya ne. In ina ja da baya a tasha sai 'yan kabu-kabu su ce, "Kai direba, ba ta nono mana ta yi shiru!"

Ni kuwa na faɗi jarrabawar bireve, na sake na faɗi, babana ya ce to lakol ta isa haka. Kawu ya yi mini permi na tuƙi ya miƙo mini makulli. Gemu ma bai fito mini ba.

Shekarar ce damina ta yaudari kowa. Hatsi ya fara kai ya bushe a tsaye, ciyawa ko ta sakace babu. Kafin bazara ta yi nisa dabbobi sun fara zubewa. Wani proje ya ɗauki motar haya, aka ce in riƙa ɗaukar kaya daga Gazawa zuwa wani ƙauye gaba da Gangara: dusa ta dabbobi, da garin kunun yara. Can nake kwana, a rumfar mai gadin magaza, ɗakin ajiyar kayan, wani tsoho mai ido guda, ba ya rabuwa da rediyonshi duk da ba batir a ciki.

Magazar tana ƙarshen wani lungu tsakanin darni biyu, babu wurin juyawa. Ko ka shiga da baya, ko ka fito da baya. In na ɗauko kaya da sassafe da baya nake shiga, motar na ta kukanta tun daga bakin lungu, kuma a nan bayanta ake rabo. Ba a daɗe ba kowa ya haddace. Kukan nan na tashi an san abinci ya zo. Yara sun haddace, dabbobi ma haka.

Sai kaya ya yanke.

Aka ce wani na tafe, in zauna in jira. Don kar motar ta zauna a banza aka sa ni jigilar ruwa a tano, manyan duro ɗin nan, daga famfon wani gari, don rijiyarsu ta ja baya. Da yamma in shiga lungu da gaba, da safe in fito da baya. Tiit, tiit, tiit. Bayan mota ba komi sai tano fanko.

Amma suna zuwa. A madubi nake ganinsu. Yara na fitowa ta ramukan darni da kwanoninsu, ba gudu, ba ihu, ba wanda ke ture wani. Can bayansu shanu da tumaki, daga gonakin da ba kara, suna tafe a hankali kai a ƙasa, ƙasusuwa na motsi ƙarƙashin fata. Saniya mai yunwa irin wannan ba ta kuka, ba ta da ƙarfin yinshi. Sai ka ga an cika bakin lungu, mutum da dabba, ba sautin komi sai na motar. In na cire giya kukan ya tsaya, su ma su tsaya. Su kalli bayan motar. Su kalle ni. Ni in ce, "Babu fa, ruwa za ni ɗauko." Sai sun gaji don kansu su juya.

Wallahi da safe har na fara tsoron taɓa giyar nan.

Akwai wani dattijo Bafillace da ke zaune bayan gari, bakin busasshen tabki, wurin da in ka yi kira da ƙarfi za a ji. Kowa Baffa yake ce mishi, ni ma na bi sahu. Da garke ya tafi kudu neman ciyawa, ya dawo da saniya guda. Ja ce, mai dogayen ƙahoni, kuma tana da ciki. Ba saniya ce kawai ba a wurinshi. Daga tsatson wadda uwarshi ta ba shi ranar sunanshi ta fito, uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi jika, har aka zo kanta. In ta tafi da abin cikinta, shi ke nan, an rufe. 'Ya'yanshi sun tsallaka Nijeriya suna kiwon haya, matarshi ta rasu tun kafin farin. Shi da saniyar ne.

Yakan zo rumfarmu shan shayi, in akwai sukari.

"Ɗan birni, wannan akuyar taka me ke yi mata ciwo kullum da safe?"

"Yunwa ce, Baffa. Gazwal take so."

"Ka kai ta kiwo mana."

"Ina ciyawar?"

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Da tarin ya sake shi sai ya ce, yana kallon kofin shayi, "Amma tana da albarka. Ita ke tada mini nagge." Nagge saniya ke nan a bakinsu.

Ni ban gane ba, mai gadi ne ya warware mini. Saniyar da yunwa ta ci in ta kwanta da dare, da safe ba ta iya tashi. In kuwa ta wuni kwance ƙafafunta sun mutu, gobe sai wuƙa. Don haka ake tada ta: a zura itace ƙarƙashin ciki, mutum biyu nan biyu can, ɗaya ya kama wutsiya, ɗaya ƙaho, a ɗaga har ta kafa ƙafa. Aikin majiya ƙarfi ne. To majiya ƙarfin garin duk sun tafi ci-rani, saura tsofaffi da mata da yara. Baffa ba shi da mai kama mishi. Amma da motar ta yi kuka sai jar saniyar ta miƙe kunne, ta yunƙura, ta tashi da kanta, don ta san dusa. In ta tashi sai ya tare ta ya ba ta abin da ya samo, 'ya'yan gawo ko ganyen da ya sassabo. Haka suke kwana suna tashi.

Ran nan ina fitowa da baya, idona na kan madubin hagu, sai na ji an daki motar da ƙarfi. Mai gadi ne da rediyonshi, yana ihu. Na taka birki. Na ji wani abu ya yi ƙaras ƙarƙashin taya.

Ban san yadda na fito ba. Kwano ne. Taya ta lotse shi kamar faifai. Mai kwanon tana zaune dab da shi, yarinya ce da ba ta daɗe da fara tafiya ba, ta bi yayyenta ta shige har ƙarƙashin motar. Ko ƙwarzane babu a jikinta. Ba ta yi kuka ba ma. Hannu kawai take miƙa wa kwanon.

Kafin hantsi an taru ƙofar maigari. Tunda mazan babu, matan suka yi maganarsu da kansu. Uwar yarinyar, wata doguwa mai tsagen Katsinawa, ita ta fara.

"Ranka ya daɗe, ba don yau kaɗai ba. Yaro in yana barci ya manta da cikinshi. Abin nan na yin kuka sai ya zabura ya ɗauki kwano. Ya je, ya dawo hannu biyu, sannan ya wuni yana bin zanena. Me zan ba shi? Da wanne za mu ji, da yunwa ko da mai tashinta?"

Wata tsohuwa ta ce, "Mai kiran sallah ma in ya kira akwai sallar."

Maigari ya dube ni. "Direba, abin nan ana iya kashe shi?"

"Ana iyawa, ranka ya daɗe. Waya ce, sai in kwance ta. Ranar da kaya ya zo in ɗaura."

Uwar yarinyar ta ce, "Abin da aka kwance ai ana ɗaurawa. A ba ni shi a hannuna."

Baffa na can gefe a tsugune, sandarshi bisa kafaɗa. Na kalle shi, ina jira ya yi magana. Maigari ma ya lura da inda nake kallo.

"Baffa, kana da ta cewa?"

Ya daɗe yana zane a ƙasa da yatsa. Sannan ya ce, "Yara sun fi saniya."

Ba wanda ya ambaci saniya a wurin. Mutane suka ɗauka karin magana ce irin ta Fillani, aka ce gaskiya ne, aka shafa fatiha. Bafillace ya buɗe baki gaban taro ya ce ina da bukata? Ya gwammace ya mutu.

Na shiga ƙarƙashin motar da kile, ƙarfen kwance ƙusa. Abin baƙi ne, bai wuce ƙaramin gwangwanin tumatir ba, waya biyu ke riƙe da shi. Na tsinke su na miƙa wa uwar yarinyar abin. Na ɗauka ɓoyewa za ta yi. Sai ta shiga gida ta jefa shi a turmi. Muna tsaye muka ji daka, dum, dum, dum. An kwana biyu ba a ji taɓarya a wannan unguwar ba. Sai ga kawunan yara suna leƙowa ta darni.

Washegari na fito da baya shiru. Ba kowa a madubi. Lungu fayau, gonaki fayau. Na ɗauka zan ji daɗi, amma sai da na leƙa ta taga na tabbatar garin na nan.

Da na dawo na so in biya ta wurin Baffa, kunya ta hana ni. Shi ma bai zo shayi ba.

Safiyar da ta biyo ina alwala bakin rumfa, gari ya fara haske, ban ko taɓa makulli ba, sai na ji.

Tiit. Tiit. Tiit.

Siriri, daga nesa, wajen tabki.

Buta ta faɗi daga hannuna. Motar na gabana, sanyi ƙalau. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta. Ga wayoyin nan biyu suna lilo.

"Baba, ka ji?"

Mai gadi ya rungume rediyonshi. "Ban ji ba. Kai ma ba ka ji ba."

"Wallahi na ji."

"To ka ji kai kaɗai. Abin da aka daka a turmi ya tashi yana kuka a daji, ni da ido guda zan je dubawa? In rasa na biyun?"

Kukan ya yi ta yi, can ya tsaya. Gobe ma haka, daidai lokacin da na saba tada mota. Magana ta cika gari. Wasu suka ce dama motar Turawa ba ta rasa aljani mai ita, an kore shi ya koma tsamiyar bakin tabki. Mata suka daina bi ta can neman itace. Wadda ta yi dakan ta kai wa liman 'yar sadaka. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yaran. Ko ɗaya bai ɗauki kwano ba. Na tambayi wata 'yar yarinya da ke zuwa ɗibar ruwa wurina, na ce ke ba ki jin mota na kuka?

Ta ce, "Ba mota ba ce."

"Wa ya gaya miki?"

"Wannan tana numfashi."

Da safe na kasa kunne. Gaskiyarta. Tsakanin tiit da tiit akwai wani ɗan ja, kamar mai hawan tudu.

Na sa takalmi na nufi tabki, ina karanta duk abin da na iya. Na bi ta bayan tsamiyar, ba komi a kanta sai ungulaye. Na hau gaɓa na leƙa.

Ƙasan tabkin ya tsage kamar tafin tsohuwa. A tsakiya ga mutum yana tafiya da baya. A hankali, a duƙe, ya lulluɓa da farin buhun dusa fanko tun daga kai, ya ba saniyar baya yana matsowa wajenta. A bakinshi guntun karan dawa ne da ya fafe ya yi wa ƙofa. Tiit. Ya ja numfashi. Tiit.

Jar saniyar na kwance, wuyanta a miƙe bisa ƙasa. Sai kunne ya motsa. Ta ɗaga kai. Ta turo gindi sama, ƙafafun baya na karkarwa, ta tsaya a kan gwiwoyin gaba kamar mai roƙo. Shi bai waiwaya ba, bai fasa busa ba. Ta yi wani nishi, ta miƙe.

Sai da ta tako ta taɓa buhun da hanci sannan ya yaye shi. Ya ciro damin shuci daga hammata ya ba ta. Na dubi bukkarshi. Rabin rufin babu. Jinkar ɗakinshi yake zarewa yana ba ta.

Ya gan ni. Ya ɓoye karan a aljihu kamar wanda aka kama da sata.

"Ɗan birni. Ka yi sammako."

"Baffa, duk gari an ce aljani ne."

"To bar su. Aljani ba ya jin kunya."

"Me ya sa kake lulluɓa?"

"In ta ga ni ne ba za ta tashi ba. Ta san ba ni da komi."

Ban gaya wa kowa ba. Na ce mishi zan riƙa zuwa in kama mishi. Mun gwada tada ta da itace, ni da shi da mai gadi da na ja da ƙyar, muka kasa ko motsa ta. Na gwada odar gaba, wato hon, ko kunne ba ta kaɗa ba. Na yi wa kawu saƙo ta hannun wani direban Gazawa ya nemo mini irin ƙararrawar a garaji, aka ce an zagaya Maradi ba a samu ba. Sai muka koma ga kara. Ni nawa in tsinto mishi kwali da ragowar buhunan siminti, don har takarda take ci.

Tarin Baffa ya yi ta ƙaruwa. Daga rumfa ina jin yadda busar ke gajarta, ja ɗin na tsawo. Wata safiya ya yi uku ya tsaya. Na ruga. Na same shi zaune a ƙasa, buhun a kafaɗa, ya miƙo mini karan.

"Kai ne mai motar. Yi."

Na lulluɓa, na juya baya, na busa. Abin da ya fito kamar kukan ɗan tsako. Na sake. Ni da na kwana na tashi da kukan nan a kunnena na kasa fitar da shi. Na leƙa ta ƙarƙashin buhu. Tana kallona da manyan idanun nan, ko motsi. Ranar kwance ta wuni.

Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, na farko a shekarar. Gari ya ruɗe, mata na fito da tukwane, tsofaffi na kabbara. Baffa ya dubi sama ya ce, "Bai zo mata da kyau ba." Ruwan farko sanyi gare shi, saniyar da ba kitse ba ta ɗaukarshi. Muka yaye tamfol ɗin motar muka rufa mata. Aka kwana ana yi.

Da gari ya waye tabkin ya koma laka, ƙamshin ƙasa ko'ina, ana ta fita da kwashe, fartanyun nan, za a yi shuka. Ita kuwa ta kwanta da gefe, ƙafafu a miƙe, idon ya fara juyawa. Cikin ne kawai ke motsi. Wani abu na tokarowa daga ciki, ya koma, ya sake tokarowa.

Baffa ya wasa wuƙarshi a dutse.

"Riƙe mini ƙaho. Ka juya ta gabas. In na yanka kar ka tsaya kallo, ka ɗaga ƙafar baya ka riƙe da ƙarfi."

Ya duƙa ya yi mata magana a kunne da Fillanci, doguwa, ban ji ko kalma ba. Ya yi bisimilla ya yanka. Jinin ma kaɗan ne. Tana cikin shure-shure ya koma wajen ciki ya tsaga, ya zura hannu biyu har kafaɗa, ya jawo. Abu ya sulɓo bisa laka, jiƙe sharkaf, ja kamar uwar. Ba ya motsi.

Ya share mishi hanci da bakin riga. Ya ɗaga shi ta ƙafafun baya ya girgiza. Shiru. Ya kwantar, ya kama bakin ya hura mishi a hanci, ya tsaya ya yi tari, ya sake hurawa. Sannan ya tsinci wani siririn tsinke ya soka a ƙofar hancin.

Atishawa.

Ya ɗaga wutsiyar ya duba, ya zauna daɓas cikin laka. "Mace," ya ce.

Naman ya ce a kai wa maigari a raba. Shi bai ci ba. Saura nono, don maraƙar ba za ta kai gobe ba in ba ta sha ba. Ya ce akwai ɗan ƙanwarshi a wata ruga wajen Agye, an ce mishi da sauran saniya mai tatsa guda a hannunshi, in ba ta mutu ba. Ban tambayi kowa izini ba. Na sauke tanonin, na ce ya hau baya da maraƙar. Ya ce a'a, iska. Ya naɗe ta a bargonshi ya shigo gaba ya ɗora ta bisa cinya, jini da laka har kan giya.

Hanya duk ta jiƙe, ko'ina mutane a duƙe suna shuka, gefensu gawarwakin shanun da ruwan daren ya kashe. Bai yi magana ba sai sau ɗaya, da na faɗa wani rami.

"A hankali, ɗan birni. Ba buhu ka ɗauko ba."

Mun sami rugar bayan azahar. Saniyar na nan da rai, baƙa, ita ma ƙashi da fata. Ta shinshina maraƙar ta kai mata ƙaho. Suka ɗaure mata ƙafafun baya, wata mata ta tatso 'yan ɗigo ta shafa wa maraƙar a baki da yatsa. Lokacin da na tada mota maraƙar ta fara lalube ƙarƙashin cikin, ba ta kama ba tukuna. Baffa na durƙushe yana tallafe da ita, bai ɗago ya dube ni ba.

Bayan sati aka janye motar zuwa wani aiki wajen Cadakori, ban sake komawa ƙauyen ba. Daga baya na haɗu da mai gadi a kasuwar Gazawa, ya ce ya ji an ce maraƙar ta rayu. Na ce Baffa fa? Ya ce wannan bai ji ba.